Abin da na koya game da macijin cikin kare

Aikin duba karnuka a asibitin dabbobi ya nuna mini cewa macijin ciki, wato tsutsar da masana ke kira Toxocara canis, yakan daɗe yana ɓarna kafin a gan shi. Sau da yawa a kawo ɗan kwikwiyo cikinsa ya yi tim, gashinsa ya dushe, wani lokaci ma ya amayar da farar tsutsa mai kama da taliya, mai shi kuma ya yi ta mamaki domin kwikwiyon bai taɓa leƙa waje ba. Tun yana cikin uwarsa ya kamu. Karya takan ɗauki 'ya'yan tsutsar a kwance cikin tsokarta, sai wajen kwana 42 da ɗaukar ciki su motsa, su bi ta mabiyiya zuwa hantar ɗan tayi, bayan haihuwa su wuce huhu, daga nan su gangara hanji su balaga. Da mako 3 a duniya, kashinsa ya fara fitar da ƙwai.

Wannan ne ya sa nake nanata wa masu karnuka cewa magani sau ɗaya bai wadatar ba. Maganin tsutsa da ake kira pyrantel yana kawar da manyan da ke cikin hanji, amma bai kai ga ƙananan da ke kan hanya, saboda haka ake maimaitawa a mako na 2, na 4, na 6 da na 8 da haihuwar kwikwiyo, tare da uwar, wadda galibi ake mantawa da ita.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa game da ƙwan da ke cikin ƙasa ne. Tsutsa mace guda tana iya zubar da ƙwai har 200,000 a rana, masu kaurin ɓawo, waɗanda kan yi shekaru a ƙasa mai laima ba su mutu ba. Sai dai ƙwan ba ya iya harbin kowa sai ya yi mako 2 zuwa 4 a waje, kuma wannan tazara babbar dama ce: wanda ke kwashe kashin karensa kullum ya katse zagayen tun kafin ya kankama. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ne saboda yara ƙanana da ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki. Tsutsar ba ta balaga a jikin mutum, sai dai ta yi ta yawo cikin hanta da huhu, idan kuma ta shiga ido tana iya raba yaro da ganin wannan idon har abada.