Neman alƙalamin da zai yi rubutu a tabilet

Ina ɗaukar darussan lissafi a bidiyo don ɗaliban da ke shirin JAMB, kuma yatsa ba ya iya wannan aiki. Ƙananan lambobin da ake ɗorawa a saman harafi sukan fito a dunƙule, ɗalibi ya kasa bambance 2 da z. Wannan ne ya sa na shiga neman alƙalami.

Wanda ya fi yawa a kasuwar waya shi ne mai bakin roba. Yana da arha, yana aiki a kan kowane gilashi, domin a wajen na'urar shi ma yatsa ne kawai. Nan matsalar take. Da zarar ka ɗora gefen hannunka kamar yadda kake yi a takarda, sai allon ya cika da ɗige-ɗige, ko shafin ya zame. Dole ka yi rubutu hannu a rataye, kafin a gama darasi ɗaya wuyan hannu ya ƙage. Ga latsa abu da duba saƙo ba laifi, amma ba na mai rubutu ba ne.

Alƙalami na sosai sai ya dace da abin da ke ƙarƙashin gilashin, kuma wannan ne mai shago ba lallai ya gaya maka ba. S Pen na Samsung yana amfani da fasahar kamfanin Wacom: akwai wata shimfiɗa a bayan allon da ke ba alƙalamin ƙarfi ta hanyar maganaɗisu, don haka rubutu da shi ba ya buƙatar caji. A garin da wuta kan yi kwana ba ta zo ba, wannan babban abu ne. Shi ya sa na ɗauki Galaxy Tab S6 Lite, wanda ke zuwa da nasa a cikin kwali. Amma ka kai alƙalamin nan kan tabilet ɗin da ba shi da wannan shimfiɗar, ko na Samsung ne, ko ɗigo ba zai yi ba.

Na Apple ya fi rikitarwa. Apple Pencil na farko, na 2015, ana soka shi ne a yi masa caji. Na biyu, na 2018, yana mannewa a gefen iPad. An ƙaro mai USB-C a 2023, sannan Pro a 2024. Kowanne da iPad ɗin da yake karɓarsa. Lambar samfurin iPad ɗinka, mai farawa da A, ita za ka bincika kafin ka ciro kuɗi.

Ƙanwata tana zana fulawar lalle a iPad, amare su zaɓa kafin a sa musu. Na ga yadda take fara layi siriri kamar gashi, ta ɗan danna ya yi kauri a cikin ganye, ta sassauta ya sake sirancewa. Mai USB-C ɗin nan ba ya jin dannawa, haka yawancin masu arhar da ake yi wa iPad. Shi ya sa tun lokacin da za ta sayi nata na ce mata, "Ƙanwata, ki daure ki ƙara kuɗi ki sayi mai jin dannawa, sana'arki ce." Ni kuwa da x da y nake fama, kaurin layi bai dame ni ba.

In za ka saya, tafi da tabilet ɗinka shagon. Ɗora hannu sosai ka rubuta sunanka da ƙananan haruffa, sannan ka ja layi a karkace, a hankali. In alƙalamin ba shi da kyau, za ka ga layin yana rawa. Ka kuma tambaya ko ana samun bakin canji, domin yana cinyewa, musamman a kan ledar kariya mai kaushi da ake cewa kamar takarda take. Ni biyu nake ajiyewa a jaka.