Kada ku nuna kafin ku yi rajista

Ƙannena masu ƙera kaya, bari in ba ku labarin wata fitilar tebur da na shafe wata takwas ina gyaran siffarta. Wuyanta a lanƙwashe kamar na zalɓe, gindinta siririn faifai. Ranar da samfurin farko ya fito, murna ta ɗebe ni, na ɗauki hotunanta ta kowane gefe na zuba a Facebook. Ban nemi rajistar da za ta kare siffarta a doka ba sai bayan shekara ɗaya da rabi, da na ga irinta sak a hannun wani. Lauyan da na samu tambaya ɗaya ya yi min: yaushe jama'a suka fara ganinta? Ina faɗa masa ya ajiye biro.

Doka tana kare siffar kaya ne in sabuwa ce a ranar da ka shigar da takardarka, kuma hoton da ka wallafa da hannunka yana iya kashe wannan sabuntar. Amurka da Tarayyar Turai suna ɗaga wa mai zane ƙafa na wata 12 bayan ya nuna, wasu ƙasashen kuwa ba su san wannan rangwamen ba. Ni duk na wuce wa'adin. Har yau abin yana ci min rai, don ba wanda ya yi min ƙwace, ni na buɗe ƙofar. Ko maƙerin da ya yi min samfurin ban sa shi ya sa hannu a takardar riƙe sirri ba. Ku sa naku, ko da amininku ne.

A fitila ta biyu na yi rajista da wuri, amma na yi sakaci da hotuna. Abin da hoto ya nuna shi kaɗai ake karewa, ni kuwa uku na miƙa, babu na baya, alhali a bayan ne adon yake. Ku ɗauki gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa, a kan farin bango, ba inuwa ba tarkace. Ku kuma sani wannan rajistar ta kamanni ce kawai. Dabarar da ke sa wuyan fitila ya naɗe, wannan sai haƙƙin ƙirƙira, takardarsa daban.

Rajista ba ta tsallake iyakar ƙasar da aka yi ta. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata shida ka shigar a sauran ƙasashen da ke cikinta, a lissafa maka da ranarka ta farko. Akwai kuma tsarin Hague na WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, inda takarda ɗaya ke ɗaukar zane har 100 na kayan da ke rukuni guda, in kana da alaƙa da ƙasar da ta shiga tsarin.

A Tarayyar Turai kariyar shekara biyar ce, ana sabuntawa har 25, a Amurka kuma 15 ce kai tsaye. Ranar sabunta tawa na rubuta ta da jan biro a bangon ɗakin aikina, daidai saman teburin zane.