Darasin da na karanta a kwiɓin doki

Shekara uku na yi a rumfar Baffa kafin ya yarda in ɗinka jakar sirdi ni kaɗai, daga yanka har ɗaurin ƙarshe. Kafin nan aikina bai wuce tsaga igiyar laya, shafa wa fata mai, goge bakin kube da kai saƙo wajen majema ba. Rumfarmu tana cikin ganuwar Bauchi, ba nisa da Ƙofar Wunti, kuma kasuwar baduku mai kayan doki sau biyu take cika a shekara: gabanin ƙaramar Sallah da gabanin babba. Daga tsakiyar azumi barci ya ƙare. Wannan ya kawo ragama, wancan kamazuru, wani majayi ne ya tsinke, wani ɓauji, kowa kuma so yake ya karɓa kafin ranar hawa.

A cikin wannan cunkoso aikin ya zo. Wani yaron hakimi yana son ƙananan jakunkuna biyu, dama da hagu, da za a ɗaura a bayan kwacciya, ya riƙa zuba goro da dabino da carbi da waya. Hannun Baffa a cike yake, sai ya miƙo mini kwalin awo ya ce, "Ungo, mu ga abin da ka koya."

Duk iyawata na zuba a fuskar jakar. Na zaɓi fatar akuya da ta sha karan dafi ta yi jawur, na tsaga kore siriri na saƙa a gefe, na bi zanen da baƙin kuloko, na rataya tuntaye. Kwana biyar ina kan fuskar nan. Bayan jakar kuwa rabin yini ya ishe ni. Ragowar kirgi na samu daga wajen cikin dabba, na haɗa maɗauri da ƙusoshin ƙarfe, na lanƙwashe bakinsu ta baya na buge da guduma, ƙulle-ƙullen zare ma duk can na tura su, tunda ba mai gani. Wanda ya zo karɓa ya yaba, har ya ƙara mini tukuici.

Kwana biyu bayan Hawan Daushe sai ga mai kula da dokin. Bai zo da jakar ba. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce, "Malam, in da hali ka leƙo barga." Baffa ya soke basilla a buzu, ya dube ni ya ce, "Tashi mu je."

Akawal ne, baƙi wul, mai tsayi. A kwiɓinsa na hagu, daidai inda jakar ta zauna, gashi ya goge, fata ta saɓule, faɗin wurin ya kai tafin hannun jariri, ƙudaje na binsa. Baffa bai ce mini uffan ba. Ya kama hannuna ya ɗora kusa da ciwon, ba a kansa ba, sai na ji naman dokin yana karkarwa a ƙarƙashin yatsuna. Sannan ya ce, "Ka ji? Dabbar da ke jin saukar ƙuda, ita ka ɗora wa ƙusa yini biyu cikin gumi. Mai doki ya biya, amma wannan ne ya ɗauka, shi kuma ba shi da bakin ƙorafi." Ya juya ya ba mai kula da dokin haƙuri, ya ce laifin nasa ne da bai juya jakar ya duba ba. Wannan ya fi yi mini zafi a kan bulala.

Da muka koma rumfa ya sa na kwance jakar gaba ɗaya, muka bi ta kashi-kashi. Kirgin wajen ciki sako-sako ne, da ya sha gumi sai ya miƙe, jakar ta sauko daga kan shimfiɗar sirdi ta koma gogar jikin doki kai tsaye. Shi ya sa ake yanko maɗauri daga gadon bayan fata, a bi tsawon ƙashin baya, inda ta fi tauri kuma ba ta miƙewa. Ƙusoshin sun yi tsatsa cikin kwana biyu, kowace ta yi wa kanta baƙin zobe a jikin fatar. A nan ne na gane abin da nake gani kullum ban lura ba: kulokon da muke zane da shi ai ƙarfe ne ya haɗu da ruwan bagaruwa ya ba da baƙi. Fatar da aka jeme da bagaruwa in ta jiƙe ta taɓa ƙarfe, haka za ta yi da kanta, kuma wurin yakan bushe ya tsattsage daga baya. Gumin doki ga gishiri. Tun daga ranar, in ba tagulla ba, ba na sa wani ƙarfe a kayan doki, ita ma sai na rufe bayanta da fata mai laushi.

Yanzu daga baya nake fara jaka. Falle guda nake yankawa, ba haɗi, ba ƙulli, gefen santsi yana duban doki. In goge bakinsa har sai na ja shi a kuncina ban ji kaifi ba. Kuma ba na sa wuƙa a fata sai na je barga na ga dokin da sirdinsa a kansa. Sirdin gargajiya mai doguwar kwacciya da irin wanda 'yan ƙwallon doki ke hawa ba wuri ɗaya ake ɗaure musu kaya ba. Wani dokin gajeren baya gare shi, in jakar ta wuce taƙi ɗaya sai ta hau masa ƙugu, inda ba ƙashin haƙarƙari da zai tallafi nauyi. Maɗauri kuma biyu nake sawa, na sama da na ƙasa, don a sukuwa, ko lokacin jahi da mahayi zai sako doki a guje ya ja linzami ya tsaya cak, jakar da aka rataya ta sama kawai dukan kwiɓi take yi. Dokin da ba shi da haƙuri yana iya zabura a tsakiyar jama'a saboda wannan kaɗai. Ina kuma gaya wa mai ita ya raba kayansa daidai. In gorar ruwa tana dama, dabino kaɗai a hagu, sirdin zai karkace, ciwon ya koma gadon baya.

Ɗinki ma sai daga baya na san dalilinsa. Baffa yakan huda da basilla, ya bi rami ɗaya da allura biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, zaren ya sha kakin zuma. A da ina ganin ɓata lokaci ne, ga keken ɗinki zai gama cikin ɗan lokaci. Amma ɗinkin keke in zare ya tsinke wuri ɗaya, sai ya bi layi yana warwarewa. Na allura biyu kuwa ko ɗaya ya yanke, ɗan'uwansa yana riƙe har mahayi ya dawo gida.

Abin da ya fi ba ni wahala a yanzu samun fatar kirki ne. Kirgi da yawa ganda yake tafiya, masu kyau na akuya da tumaki kuma dillalai sun kwashe su zuwa kamfanonin jima na Kano. Abin yana damuna, don fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Abin da ya rage mana sai ka tona. Baffa ya koya mini in ɗan yanki gefen fata in dubi tsakiyarta: in akwai farin layi a ciki, bagaruwa ba ta ratsa ba, majemi ya yi gaggawa, hunturu na zuwa za ta ƙandare kamar kilago. Ga kuma jakunkunan roba masu kama da fata da suka cika kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Ba na ganin laifin mai saye, aljihunsa ya duba. Amma roba ba ta shan gumi, tara shi take yi, kuma in ta fara ɓarewa ba baduku da zai iya ceto ta. Fata kuwa, ka shanya ta a inuwa in ta jiƙe, ka ɗan shafa mata man gyaɗa ko man kaɗe, ka rataye ta inda iska ke shiga da damina don fumfuna, za ta yi maka shekaru.

Ba a komai muka daidaita da Baffa ba. Shi ya ƙi sa wa jaka zif har ya bar aiki, kuma yana da gaskiya, ƙurar filin hawa kan cushe haƙoransa. Maɓallin fata ba ya ba da kunya. Amma da na fara ɗinka wa waya aljihunta daban a ciki, ya ce ƙaƙale ne. Ni na ga yadda take sukurkutawa tana bugun doki ta cikin jaka in ba a tsare ta ba, don haka na ci gaba, kuma da karatunsa na kafa masa hujja. Ya yi shiru, ya juya jakar ya shafa bayanta, ya miƙo mini.

Akawal ɗin nan ya warke. Sai da aka jingine hawansa na wasu makonni, ni kuma kullum bayan la'asar ina zuwa barga in taya wanke ciwon, ba don an sa ni ba. Na sake wa jakar sabon baya ban karɓi ko sisi ba. Amma da gashin ya fito, fari ya fito, kamar yadda yakan yi wa doki mai duhun launi a duk inda sirdi ya taɓa cinsa. Garin nan da Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya kafa a 1809 har yau dawakin Sarki da na hakimai suna bin titunansa kowace Sallah, jama'a na kallon rawuna da alkyabbu da 'yan lifidi. Sallah huɗu a jere na tsaya a bakin hanya ina jiran ayarin hakimin nan, in ga akawal ya taho yana taka rawa da jakata a bayansa, in ya gifta ta hagu sai in hango farin tabon yana leƙowa ta ƙarƙashin tuntu. A ta biyar ban gan shi ba. Na tambayi mai kula da shi, ya ce an sayar da shi wajen Gombe, an haɗa da jakar.