Mun Je Yankari Neman Giwa, Mun Dawo da Igiya Mai Ƙulli

Shekara ta biyu ke nan ina koyar da 'ya'yana uku a gida, a nan Bauchi. Da safe karatu da lissafi a falo, da yamma su tafi Islamiyya. Dangi sun gaji da tambayar yaushe zan kai su boko kamar 'ya'yan kowa, yanzu sai ido. Ni abin da ya hana ni barci darasin kimiyya ne. Littafinmu cike yake da dabbobin ƙasashen ƙanƙara, har autana ya iya zana su da ka, amma ranar da na ce masa gwanki sai ya tambaye ni ko abinci ne.

Shi ya sa na matsa wa maigida mu je Yankari a watan Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji na gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Mako biyu ina shiri. Na sa yaran suka haddace cewa a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Na buga wa kowa takarda mai jerin dabbobi, wadda ka gani ka yi mata alama. Giwa na sa a farko, da manyan baƙaƙe. Har alkawari na yi musu za su gan ta, kamar ni ke kiwonta.

Surukata ta ce ƙafarta ƙafarmu. A raina na so ta zauna saboda ciwon gwiwa, amma wa zai hana Hajiya?

Muka bi hanyar Gombe, muka karya a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Muna sauka a sansanin Wikki, kafin in gama cewa kowa ya riƙe kayansa, wani gwaggon biri ya fizge ledar masa daga hannun ɗan tsakiya, ya haye katanga yana ci yana kallonmu. Laifina ne, an gaya mini kada a fito da abinci a fili. Yaron ya yi kuka, Hajiya ta yi dariya har da hawaye.

Awa biyu muka yi a motar zagaya daji. Mun ga gwambaza, mun ga gadu suna gudu wutsiya a tsaye, mun hango mazo ya ɓace cikin duhuwa. Giwa kuwa ko ƙurarta. Yaran ba su ma tsaya kallon abin da ke gabansu ba, kowa na duba takarda yana ƙirga saura nawa. Auta ya juyo ya ce, "Umma, kin ce za mu gani." Ban sami amsa ba.

Jagoranmu ne ya fitar da ni kunya. A wani wuri mai laka kusa da ruwa ya sa aka tsaya, ya ce mu sauko amma kada kowa ya yi nisa. Ya nuna wani rami mai faɗin faranti, ya ce sawun ƙafar gaba ne na giwa, kuma bai daɗe ba, tun da gefensa bai zube ba. Ya ce in aka auna kewayen sawun aka ninka biyu, za a sami kusan tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ba mu zo da abin awo ba (na tuna da takardu, na manta da wannan), sai babbar 'yata ta kwance igiyar da muka ɗaure tabarma, ta zagaya sawun da ita, ta yi ƙulli. Can gefe ga kashin giwa. Jagoran ya fasa shi da kara, sai ga ƙwallaye da ɓawon itace ba su narke ba. Ya ce ta haka giwa ke shuka daji, ta ci 'ya'yan itace a nan, ta ajiye irin a can nesa tare da takinsa. Ɗan tsakiya, wanda ba ya iya zaman minti goma a kan littafi, sai da aka janye shi daga wurin.

A hanyar komawa Hajiya ta karɓe aji. Ta nuna kirya ta ce da ita ake sassaƙa turmi, gawayinta kuma maƙera ke nema. Ga marke, ga kawo, ga taura da suke ci suna yara. Jagoran ya ce, "Hajiya, ai ke ya kamata a ba wa aikin nan." Ni da na kwana biyu ina haɗa bayanai a intanet, itace uku kawai na gane. 'Yata ta juya bayan takardar dabbobin tana rubuta abin da kakarta ke faɗa.

Da yamma suka shiga ruwan Wikki, mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana. Na so in yi musu bayanin dalili, sai na haƙura na bar su suka yi wankansu.

Tun daga nan na daina yi wa yara alkawarin dabba, na kuma daina buga jeri. Kowa farar takarda da fensir, sai abin awo a jakata, abinci a rufe cikin mota. Kuma ba ma fita ba tare da dattijo ba. Bayanin tarihi yanzu sai mun dawo nake yi, lokacin da su da kansu suke tambaya. Ko nesa ba ma zuwa sosai: ranar Asabar Hajiya kan zaga da su unguwa, sun riga sun rubuta itatuwa goma sha ɗaya tsakanin gidanmu da masallaci.

Igiyar kuwa mun auna ta da muka iso gida, santimita 128 zuwa ƙullin. Ɗan tsakiya ya yi ninkin da kansa, 256. Babansu ya hau kujera ya ja layi da gawayi a bangon tsakar gida, can sama da ƙofar kicin. Duk baƙon da ya shigo, auta zai ja shi ya nuna masa inda kafaɗar giwarsu ta tsaya.