Ɓuntun shinkafa da farar ƙasar Alkaleri

A shekarar ƙarshe ta karatuna a Bauchi aka ba ni aikin haɗa matatar ruwa ta yumɓu da abin da masana'antu ke zubarwa. Farar ƙasa daga Alkaleri na samo ta. Ɓuntu kuwa wani mai injin casar shinkafa ne ya cika mini buhu kyauta, yana dariya, wai ashe boko ya kai ga bola.

A takarda abin ba wuya. Ka niƙa ɓuntun, ka kwaɓa da ƙasar, ka matse su zama faifai, ka gasa. Kafin zafi ya kai digiri 600 ɓuntun ya ƙone, ya bar ƙananan kafofi inda ya zauna, ta nan ruwa zai bi, datti ya maƙale. Wato aikin duka na gina kafofin ne, ƙasar riƙe su kawai take yi. Na daɗe ban gane haka ba.

Zubin farko ban tankaɗe ɓuntun ba, ganin ɓata lokaci ne. Ruwa ya wuce kamar a kwando, da jansa da komai. Na biyu na tankaɗe da rariya mai laushi, amma na yi gaggawar sa faifan a tanderu da sauran danshi a cikinsu. Da safe na tarar da tsingaro.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce, ya juya wani gutsure a hannunsa ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin an gasa tukunya ranar da aka gina ta?" Shi ya sa na riƙa shanya su a inuwa mako guda, kuma na daina hanzarta wuta wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya ya tsaga abu. Shi ya koya mini ƙwanƙwasa faifai da farce. Mai lafiya ƙararsa tas take, mai tsaga kuwa dishi-dishi.

Inda na fi shan wuya shi ne zaɓen zafin ƙarshe. A 900 kafofi a buɗe, sai dai faifan na marmashewa a hannu. Da na haura 1100 ya yi ƙarfi kamar tangaran, kafofin suka tsuke, ruwa sai ɗigo ɗaya-ɗaya. Tsakani na tsaya, raina bai so ba.

Ranar da ruwan kududdufi ya fito garau na ɗaga kofi zan kurɓa. Dattijon ya riƙe mini hannu, ya ce a fara shuka ɗigonsa a farantin gwaji tukuna, a ga ko ƙwayoyin cuta za su fito. Kwana biyu bayan nan farantin ya fito da ɗigo-ɗigon ƙwayoyin cuta, sun ragu sosai kan na ɗanyen ruwan, amma suna nan. Na ƙirga su sau uku.