Takardar da Johnny Cash ya saƙala a jikin gitarsa

Tun ina ƙaramin yaro nake jin waƙar "I Walk the Line" a kaset ɗin Baba, cikin tarkacen kaset-kaset na Don Williams da Jim Reeves da yake ajiyewa a kwalin takalmi. Shekara da shekaru na ɗauka da ganga aka yi kiɗan. Sai da na fara koyon gita na zauna na kasa kunne sosai, na gane babu makaɗin ganga ko ɗaya a wajen. Mutum uku ne kacal: Johnny Cash da gitarsa, Luther Perkins da gitar lantarki, sai Marshall Grant da babban bas ɗin nan da ake tsayarwa a ƙasa. Wannan "cik-cik" da nake ji kamar ana goga tsintsiya a fatar ganga, takarda ce Cash ya saƙala tsakanin tsirkiyoyin gitarsa, don sautin ya mutu ya bar bugu kawai. Na gwada da takardar littafin makaranta, na ninke ta biyu na zura a wuyan gitar. Wallahi sai ga sautin nan ya fito a ɗakina.

An ɗauki waƙar a 1956 a ɗakin ɗaukar sauti na Sun Records da ke Memphis, jihar Tennessee a Amurka. Cash ya rubuta ta ne a matsayin waƙa mai tafiya a hankali, alkawarin amana ga matarsa Vivian lokacin da yake yawan tafiye-tafiyen wasa. Mai kamfanin, Sam Phillips, shi ya ce a ƙara mata gudu. A ganina ya yi daidai. Da an bar ta a sanyaye, da ta zama koke. Na ƙirga bugun da agogon waya, na samu ɗari da 'yan kai a minti guda, wato takun mutumin da ya san inda ya nufa kuma ba ya waiwaye. Daga farko har ƙarshe gudun bai ƙaru ba, bai ragu ba. Perkins yana taɓa tsirkiya ɗaya, ya koma ɗaya, ya dawo, tafin hannunsa a danne kan tsirkiyoyin, kamar ƙafafun jirgin ƙasa a kan dogo.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar ki, wato mazaunin da murya take zama a kai. Yawancin waƙoƙin kantiri, wato salon waƙar Amurka irin wanda Cash yake yi, ki ɗaya suke riƙewa har su ƙare. Wannan kuwa baiti biyar ne, kuma kowane baiti sai ta tashi daga inda take. Ta fara a F, ta koma B-filat, ta je E-filat, ta dawo B-filat, sannan ta sauka gida a F. Ni idan zan bi ta, kafo (ɗan maƙalin da ake danne tsirkiyoyi da shi don ɗaga sauti) nake sawa a gaɓar farko ta wuyan gitar in riƙa kama E da A da D, ya fi sauƙi a yatsu.

Kafin kowane baiti za ka ji Cash ya rufe baki yana "mmmm" na 'yan daƙiƙoƙi. Ba ado ba ne. Shi da kansa ya bayyana cewa lalubo sabon ki yake yi kafin ya buɗe baki. Kuma aka bar shi haka a faifan, ba a yanke ba. Wannan gurin nake so fiye da ko'ina, domin kana jin mawaƙi yana aikinsa a gabanka, yana tattara hankalinsa.

Baiti na biyar kalmomin baitin farko ne ya maimaita, a ki ɗaya, amma muryar ta nutse ƙasa da cikakken tsanin sauti guda, wato daga F zuwa F ɗin da ke ƙasa da shi. Nan ne kullum nake tsayawa, maƙogwarona ba ya kaiwa, sai iska kawai ta fito. Baba kuwa yana kaiwa. Da yamma, in ya zauna a tabarma yana gyaran rediyo, sai ka ji ya bi Cash can ƙasa, ƙirjinsa na rawa, har kaset ɗin ya wuce waƙa ta gaba.