Aikin intanet daga ƙauye: abin da za ka tanada kafin ka karɓi aikin farko

Saurayin da ya samu aiki a birnin Kano, kafin albashi ya zauna a aljihunsa haya ta yagi nata, kuɗin mota ya yagi nasa, ga abincin saye safe da dare, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wanda yake fassara, ko rubuta maganar da aka naɗa, ko zanen talla daga Ringim ko Sumaila kuwa, a ɗakinsa yake kwana, tuwon gida yake ci. Da damina ya yi sammakon gona, da hantsi ya dawo ya buɗe kwamfuta, iyaye suna ganinsa kullum. Ga 'ya mace abin ya fi daɗi: matar auren da ta yi NCE ko difloma za ta iya samun na kanta tana cikin gidanta.

Ƙannena, wannan riba gaskiya ce. Amma mu da muka riga ku shiga harkar, yawancin asararmu daga wuri ɗaya ta fito: an fara sayen kwamfuta kafin a san ko akwai sabis da wutar da za su riƙe ta.

Fara da sabis, tunda gwada shi kusan kyauta ne. Ari layin MTN da Airtel da Glo, ka gwada kowanne a ɗakin da za ka zauna, ba a bakin titi ba. Kada cikar sandunan sabis a fuskar waya ta ruɗe ka. Ka kira wani ta bidiyo na minti goma, ka tura babban fayil, ka ga ko zai tafi. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet, sannan ranar kasuwa, don ƙarfen sabis ɗaya ne yake ɗauke da jama'ar gari da baƙi. Rufin kwano da katanga mai kauri suna rage ƙarfin sabis, shi ya sa MiFi (ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta ba kwamfuta intanet) da aka rataye a taga ya fi wanda aka ajiye a kan katifa. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, duka an haɗa su da NIN ɗinka, don ranar da ɗaya ya ɗauke ɗayan ya fitar da kai kunya.

Sai wuta, kuma nan ne kuɗi ya fi salwanta. Kada ka ɗora alƙawarin aiki a kan wutar NEPA, janareta kuma mai zai cinye ribar. Sai dai sola, ga lissafinta: laftof tana jan wajen wat 50, MiFi bai wuce 10 ba, fankar sola wajen 20. Wat 80 ke nan, a awa shida ya zama 480. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma in ba na litiyam ba ne rabi kawai ya kamata ka sha, wato 600. Wanda yake tatse shi har ƙasa kullum, ba zai daɗe ba zai ga batirin ya daina riƙe caji. Fanel mai wat 200 ya isa ya mayar da abin da ka sha a ranar da ba hadari. Kada ka haɗa fanel da batir kai tsaye, dole a sa kwantirola a tsakani, in ba haka ba caji ya yi yawa ya dafa batirin. Inbata kuma ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Mai arahar nan tana iya sa caja zafi har ta ƙone. Da hunturu ka riƙa goge fanel da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu, don ƙurar da ta kwanta a kai tana tare rana. Kuma ka ja wa mutanen gida kunne tun ranar farko: ba a jona dutsen guga ko hita, wayoyin maƙwabta kuma sai an tashi daga aiki.

Kwamfuta ta hannu ta wadatar. A Farm Centre ko titin Beirut ka nemi mai RAM gigabait 8 da SSD, ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batirinta yake sauka. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kada ka ɗora ta a kan katifa ko tabarma. Ƙofar iskarta a ƙasa take, in ta toshe sai ta riƙa kashe kanta. Ka shiga saitin Windows ka nuna mata datarka a ƙayyade take, in ba haka ba ta kwashe ta cikin dare da sunan sabunta kanta. Taron bidiyo na awa ɗaya yana iya cin kusan gigabait ɗaya, ka kashe kyamara in ba a buƙata.

Hausarka jari ce, kada ka raina ta. Amma mai ba da aikin fassara yana son ya ga ɓ da ɗ da ƙ a inda suke, saboda haka ka sa allon rubutun Hausa, ka koyi ƙa'idar rubutu sosai. Ba lallai ka fara da shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork ko Fiverr ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da masu shaguna a Dutse ma suna neman mai kula musu da shafin Facebook da lissafin ciniki.

Maganar biya a gama ta a rubuce kafin a taɓa aiki: nawa ne, yaushe, ta wace hanya. Sabon mutum ka nemi wani kaso a gaba. Sunan da yake kan NIN da BVN da asusun banki ya zama iri ɗaya harafi da harafi, don bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya riƙe maka kuɗi. Kada ka sayi asusun wani a shafin neman aiki, kada ka ɓoye cewa a Najeriya kake. Ranar da aka nemi shaidar fuska za a rufe asusun da kuɗinka a ciki. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ko ya turo maka a WhatsApp cewa ka danna bidiyo a biya ka, ɗan damfara ne.

In mai aikin yana waje, ka tambayi agogon da yake nufi. New York tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka ƙarfe tara na safensu ƙarfe biyu ko uku na rana ne a nan. Ka faɗa masa tun farko cewa ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku ba ka nan, kuma da damina hadari yana iya ɗauke sabis, shi ya sa za ka riƙa miƙa aiki kwana ɗaya kafin wa'adi.